Sayen Babbar Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa: Ina Ribar Take?

A watan Satumban 2024, a wata hira da gidan talabijin na Bloomberg, an sake yi wa Alhaji Aliko Dangote tambayar da ta shafe kusan shekara goma tana bin sa: shin har yanzu yana da niyyar sayen Arsenal? Attajirin ya ce lokacin ya wuce. Ya bayyana cewa da ya saye ta sa'ad da darajarta take wajen dala biliyan 2, da bai iya kammala matatar mansa ta Lekki ba, kuma yanzu da ake maganar dala biliyan 4 ba ya ganin hikimar zuba irin wannan kuɗi a ƙungiyar ƙwallo.

Amsar tana ɗauke da abubuwa biyu da suke neman cin karo da juna. Darajar ƙungiyar ta ninka cikin 'yan shekaru, wato da ya saya da ya ci riba, ko da a takarda ne. Duk da haka, mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka ya gwammace ya sa kuɗinsa a matatar da aka gina domin tace ganga 650,000 a kullum. Dalilin yana cikin yadda kuɗi ke shiga babbar ƙungiyar ƙwallo da kuma yadda yake fita.

Hanyoyin samun kuɗin ƙungiya uku ne. Akwai kuɗin tikiti da abin da 'yan kallo ke kashewa a filin wasa, akwai tallace-tallace da kamfanonin da ke biya a sa sunansu a riga, sai kuma kuɗin nuna wasanni a talabijin, wanda shi ne ya sauya fasalin harkar tun bayan kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992. Wani ɓangare na wannan kuɗi daga wajen Turai yake zuwa. Matashin da ya biya kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zariya yana taimaka wa mai gidan ya biya kuɗin tauraron ɗan adam, kamfanin tauraron kuma shi ke biyan gasar.

Idan aka tara duka, adadin bai kai girman sunan ƙungiyoyin ba. Real Madrid ce ta fara samun kuɗin shiga da ya haura Yuro biliyan 1 a shekara guda, a kakar 2023/24. A duniyar manyan kamfanoni wannan matsakaicin ciniki ne. A wannan kakar Manchester United, wadda ke da magoya baya a kowace nahiya, ta samu fam miliyan 661.8, adadin da ba ta taɓa samu ba kafin lokacin, amma ta rufe shekarar da asarar fam miliyan 113.2. Shekara ta biyar ke nan a jere tana asara. Liverpool ma ta sanar da asarar kimanin fam miliyan 57 a kakar.

Abin da ke cinye kuɗin sananne ne: albashin 'yan wasa, kuɗin sayensu, da ladan dillalansu. Tsohon shugaban Tottenham, Alan Sugar, ya taɓa kwatanta kuɗin talabijin da abin sha mai sa gudawa, wanda da shigarsa ciki sai fita. Kwatancen ba shi da daɗin ji, amma ya dace da abin da littattafan kuɗin ƙungiyoyi ke nunawa. Duk lokacin da kuɗin talabijin ya ƙaru, yakan ƙaru ne ga dukkan ƙungiyoyin gasar a lokaci guda, sai kowace ta ɗauki ƙarin ta nufi kasuwa neman 'yan wasan da sauran ke nema. Gwanaye kuwa ƙalilan ne. Farashinsu sai ya tashi daidai da ƙarin da aka samu.

Mai masana'antar siminti ko sukari yana iya rage kashe kuɗi idan kasuwa ta yi sanyi, ya jira ta farfaɗo. Mai ƙungiyar ƙwallo ba shi da wannan sarari. Idan ya tsuke bakin aljihu, ƙungiyar za ta zame a teburi, ta rasa gurbin Gasar Zakarun Turai da miliyoyin da ke tare da shi. Idan zamewar ta yi nisa har ta faɗa rukuni na biyu, asarar takan zama ta ɗaukar rai. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana karɓar sama da fam miliyan 100 daga rabon kuɗin gasar, alhali ƙungiyar da ta daɗe a rukuni na biyu tana samun wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan. Akwai kuɗin rage raɗaɗi da ake ba waɗanda suka faɗo, sai dai na 'yan shekaru ne, kwantiragin 'yan wasa kuma ba ya sauka tare da ƙungiya. Shi ya sa a rukuni na biyu na Ingila aka sha samun kakar da albashi kaɗai ya zarce dukkan kuɗin da ƙungiyoyin suka samu, kowace tana cacar haurawa sama.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya ba za su manta da Portsmouth ba. Nwankwo Kanu ne ya ci mata ƙwallo ɗaya tilo da ta ba ta Kofin FA a kan Cardiff a 2008. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Fabrairun 2010, ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa ga masu kula da kamfanonin da suka karye, aka zabtare mata maki tara, ta faɗi, ta ci gaba da gangarowa har rukuni na huɗu. Kafin ita akwai Leeds United, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai a 2001 da 'yan wasan da aka saya da bashi, bisa tsammanin za ta riƙa komawa gasar kowace shekara. Ba ta koma ba. Ta faɗi daga Firimiya a 2004, kuma sai da ta yi shekara 16 kafin ta dawo.

To, in haka ne, me ya sa attajirai ke rububin saye? Saboda ribar da ba a samu a kowace shekara ana iya samun ta gaba ɗaya ranar sayarwa. Ƙungiyar ƙwallo ta fi kama da ingarman doki a barga fiye da saniyar tatsa: kullum sai ya ci, ba ya ba da nono, yana ƙara wa maigidansa kwarjini, kuma idan aka yi dace wani mai sha'awa ya saye shi da tsada. Manyan ƙungiyoyin da duniya ta sani ba su da yawa, ba a kuma iya ƙirƙirar sabuwa mai tarihin shekara ɗari. Wasu daga cikinsu ma ba na sayarwa ba ne. Real Madrid da Barcelona mallakar mambobinsu ne, a Jamus kuma ƙa'idar da ake kira 50+1 ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a ya kasance a hannun mambobi, ban da 'yan ƙungiyoyi kaɗan da aka keɓe. Masu kuɗi suna ƙaruwa, kayan sayarwa kuwa ba ya ƙaruwa.

Misalin da masu goyon bayan wannan jari suka fi kafa hujja da shi shi ne Liverpool. Kamfanin John Henry, wanda yanzu ake kira Fenway Sports Group, ya saye ta a watan Oktoban 2010 a kan fam miliyan 300, lokacin da bankuna suka shaƙe masu ita. Bayan shekara 14 mujallar Forbes ta ƙiyasta darajarta da sama da dala biliyan 5. Amma a wannan cinikin akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba. Waɗanda aka karɓe ƙungiyar daga hannunsu, Amurkawa biyu, Tom Hicks da George Gillett, sun saye ta ne a 2007, suka ɗora mata bashi, suka fita da asarar kuɗin da suka zuba. Ƙungiya ɗaya ce, gari ɗaya, magoya baya ɗaya. Bambancin shi ne farashin da kowa ya shiga da shi da kuma nauyin bashin da ya ɗauko.

Labarin Manchester United ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Iyalan Glazer na Amurka sun saye ta a 2005 a kan kimanin fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin ranto shi suka yi, sannan suka ɗora babban kason bashin a wuyan ƙungiyar, wadda kafin zuwansu kusan ba a bin ta komai. Ma'ana, ƙungiyar ce ta riƙa biyan kuɗin da aka saye ta da shi daga abin da take samu. Masu bin diddigin asusunta sun ƙiyasta cewa sama da fam biliyan 1 ya fita daga cikinta ta hanyar kuɗin ruwa, ladan bankuna da ribar da aka raba wa masu hannun jari. A watan Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Sir Jim Ratcliffe ya kammala sayen kashi 27.7 cikin ɗari a kan kimanin fam biliyan 1.25, cinikin da ya nuna darajar ƙungiyar ta haura fam biliyan 4.

Ga iyalan Glazer, wannan jari ne da ya yi albarka ƙwarai. Ga ƙungiyar kuwa, rabonta da kofin Firimiya tun 2013, rufin Old Trafford ya kai ga yin yoyo, bashin yana nan, kuma bayan zuwan Ratcliffe an sallami ma'aikata 250 a zagayen farko kaɗai. Akwai kuma mutum na uku a labarin, wato ƙaramin mai saka jari. An fara sayar da hannun jarin ƙungiyar a kasuwar New York a watan Agustan 2012 a kan dala 14 kowane ɗaya. Shekara 12 bayan haka farashin yana yawo ne a kusa da inda ya fara, alhali ma'aunin S&P 500, wanda ke bin manyan kamfanonin Amurka 500, ya tashi daga wajen 1,400 zuwa sama da 5,000. Wanda ya sayi hannun jarin United saboda ƙauna ya sami takardar shaida. Wanda ya zuba kuɗinsa a kasuwar gaba ɗaya ya ninka shi fiye da sau uku. Farashi mai tsoka ana biyan sa ne ga mai riƙe da linzami, domin iko ake saye.

Hatta cinikin da ake ganin ya fi kowane armashi yakan ragu idan aka yi masa lissafi a tsanake. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003 a kan kimanin fam miliyan 140, aka sayar da ita a 2022 a kan fam biliyan 2.5. A kallon farko ninki 17 ne da ɗoriya. Amma a tsakanin shekarun ya ba ƙungiyar rancen kusan fam biliyan 1.5 domin toshe giɓin kowace kaka. Idan aka haɗa, abin da ya saka ya haura fam biliyan 1.6, ragowar kuma bai kai biliyan 1 ba a tsawon shekara 19. Ko wannan ɗin bai shiga aljihunsa ba, domin takunkumin da Birtaniya ta ƙaƙaba masa bayan Rasha ta mamaye Ukraine ne ya tilasta sayarwar, aka kuma daskarar da kuɗin a banki. Abin da ya samu a zahiri shi ne kofunan Firimiya biyar, na Zakarun Turai biyu, da sunan da ya zaga duniya.

Mike Ashley ya sayi Newcastle a 2007 a kan kimanin fam miliyan 134, ya ba ta rancen sama da miliyan 100 marar ruwa, ta faɗi rukuni na biyu sau biyu a hannunsa, ya sayar a 2021 a kan wajen miliyan 305. Bayan shekara 14 na zagi daga 'yan kallo, da ƙyar za a kira wannan riba. Farhad Moshiri ya narka ɗaruruwan miliyoyi a Everton daga 2016, ya bar mata sabon filin wasa a bakin ruwa, ya sayar a ƙarshen 2024 da asara mai yawa. A Italiya abin ya fi muni. Ɗan kasuwar China Li Yonghong ya sayi AC Milan a 2017 a kan Yuro miliyan 740, ya kasa biyan kamfanin Elliott da ya ranta masa kuɗi, aka ƙwace ƙungiyar a 2018. Elliott ya gyara ta, ya sayar a 2022 a kan Yuro biliyan 1.2. Haka ta faru da kamfanin Suning a Inter Milan a watan Mayun 2024, makonni kaɗan bayan ƙungiyar ta ci gasar Italiya, sa'ad da ya kasa biyan bashin kusan Yuro miliyan 395 ga kamfanin Oaktree. A duka biyun mai ba da rance ne ya wayi gari da ƙungiya a hannu.

Akwai masu saye da wannan ma'auni bai dace da su ba. Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, kamfanin zuba jarin wasanni na Qatar ya karɓi Paris Saint-Germain a 2011, asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya kuma ya jagoranci sayen Newcastle. Darajar kadarorinsu ta tashi sosai. A 2019 kamfanin Silver Lake ya biya dala miliyan 500 domin kimanin kashi 10 cikin ɗari na rukunin ƙungiyoyin City, a 2023 kuma kamfanin Arctos ya shiga PSG a cinikin da ya sa darajarta sama da Yuro biliyan 4. Sai dai ƙasar da ta biya Yuro miliyan 222 domin Neymar a 2017 ba ribar tikiti take lissafi ba. Tana sayen suna, masu yawon buɗe ido, da kujera a majalisun da ake yanke manyan shawarwari. Masu suka kuma suna cewa hanya ce ta wanke suna daga zargin take haƙƙin ɗan adam. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, matsalar ɗan kasuwa ita ce da irin waɗannan masu zurfin aljihu zai yi takarar sayen 'yan wasa.

Ba a rasa waɗanda suka nemo wata hanya ba. Tottenham ta kashe wajen fam biliyan 1 ta gina filin da aka buɗe a 2019, wanda ke karɓar wasannin ƙwallon Amurka, dambe da bukukuwan mawaƙa, domin ginin ya riƙa kawo kuɗi ko ba ranar wasa ba. Brighton ta ƙware wajen gano matasa da araha: ta ɗauko Moisés Caicedo daga Ecuador a 2021 da kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea shi a 2023 a cinikin da ya kai miliyan 115. A kakar 2022/23 ta ci ribar sama da fam miliyan 120. Amma kafin a kai nan sai da mai ƙungiyar, Tony Bloom, ya ba ta rancen ɗaruruwan miliyoyi ya kuma jira fiye da shekara goma. Wannan dabara ta rainon 'yan wasa a sayar ta fi dacewa da ƙanana da matsakaitan ƙungiyoyi, kuma a nan ne 'yan Najeriya suka shiga harkar a Turai. Kunle Soname, mai Remo Stars ta Ikenne, ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Feirense ta Portugal a 2015. Babbar ƙungiya kuwa ba ta da damar zama kasuwar 'yan wasa, domin magoya bayanta kofi suke jira.

Amurkawan da suka mamaye kusan rabin ƙungiyoyin Firimiya sun zo ne da lissafin gida. A gasannin ƙasarsu babu faɗuwa zuwa rukuni na ƙasa, a yawancinsu kuma akwai iyaka kan albashi, don haka riba kusan tabbas ce. Shi ya sa aka sayar da Washington Commanders a kan dala biliyan 6.05 a 2023, duk da ba ta da ko kusa da yawan magoya bayan Liverpool ko Arsenal a duniya. A ganinsu ƙungiyoyin Turai suna da araha, muddin za a iya sauya dokokin su yi kama da na Amurka. An gwada hakan a watan Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da kafa gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa fita daga cikinta ba. Cikin kwana uku shirin ya ruguje saboda boren 'yan kallo da barazanar gwamnati. Ya kuma jawo abin da masu ƙungiyoyi ba su so: a 2025 Birtaniya ta kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta domin sa ido kan kuɗi da mallakar ƙungiyoyi.

Dokokin kashe kuɗi suna iya taimaka wa mai jari ta wata fuska, tunda suna rage tseren albashi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta tanadi cewa daga kakar 2025/26 abin da ƙungiya ke kashewa kan 'yan wasa da mai horarwa kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarta. A Ingila, ƙa'idar da ta hana asarar sama da fam miliyan 105 cikin shekara uku ta sa an cire wa Everton maki takwas, Nottingham Forest kuma huɗu, a kakar 2023/24. Amma dokokin sun kuma toshe hanyar da Abramovich ya bi, ta zuba kuɗi ba adadi har ƙungiya ta kai sama. Wanda ya sayi matsakaiciyar ƙungiya a yau da burin mayar da ita babba yana da kuɗin, sai dai ba shi da izinin kashewa.

Babbar tambayar ita ce ko injin da ya ɗaga darajar ƙungiyoyi na shekara talatin zai ci gaba da aiki. A cikin gida Ingila alamu na nuna ya fara gajiya. Yarjejeniyar talabijin ta 2016 zuwa 2019 ta kai fam biliyan 5.1 a shekara uku, wato kimanin biliyan 1.7 a shekara. Ta 2025 zuwa 2029 ta kai biliyan 6.7 a shekara huɗu, kusan adadi ɗaya ke nan a shekara, bayan an ƙara yawan wasannin da ake nunawa, ga kuma hauhawar farashi ta kusan shekara goma. Ƙaruwar da ake gani yanzu daga ƙasashen waje take zuwa. A Faransa kuwa an ga yadda abin yake idan injin ya tsaya cak: kamfanin Mediapro ya daina biya a 2020, 'yan watanni da fara kwantiraginsa, ƙungiyoyi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har Bordeaux, mai kofin gasar shida, ta ajiye matsayinta na ƙwararriyar ƙungiya a 2024.

Chelsea ce za ta zama zakaran gwajin dafi ga masu saye a farashin yau. Todd Boehly da kamfanin Clearlake sun biya fam biliyan 2.5, suka yi alƙawarin ƙarin biliyan 1.75, suka kashe sama da biliyan 1 kan 'yan wasa. Domin daidaita littattafai da ƙa'idojin gasa, sai da ƙungiyar ta sayar da otel-otel ɗinta biyu da ƙungiyarta ta mata ga kamfanonin da su ma na masu ita ne. Clearlake kuɗin mutane yake juyawa, kuma masu kuɗin suna jiran a mayar musu da shi da riba. Idan aka ɗauki ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, fam biliyan 2.5 na farko kaɗai ya kamata ya zama kusan biliyan 6.5 bayan shekara goma, kafin a ƙirga ko sisi na abin da aka ƙara daga baya. Sharuɗɗan cinikin sun hana su sayar da rinjayen hannun jarinsu kafin 2032. A wannan shekarar za su buƙaci mai saye da zai biya fiye da ninki biyu na farashi mafi tsada da aka taɓa biya domin mallakar ƙungiyar ƙwallon ƙafa, wato wanda su da kansu suka biya a 2022.